Cokalin da ta hana ni riƙewa

Yau a cibiyar kula da yara masu naƙasa da ke bayan garin Da Nang na ƙasar Biyetnam, inda mu ɗalibai muke aikin sa-kai duk Asabar, an haɗa ni da wata yarinya ƴar kimanin shekara tara wadda yatsunta suka manne da juna tun daga haihuwa. Lokacin abincin rana na ga cokali yana zame mata, shinkafa tana zuba a rigarta, sai na miƙa hannu don in ba ta a baki. Ta dube ni, ta ture hannuna a hankali, sannan ta matse cokalin tsakanin tafukanta biyu ta ci gaba da ci har ta cinye, ni kuwa ina gefe riƙe da tsumma, kunya da ƙaunarta sun cika mini zuciya.

Malamarsu ta shaida mini cewa kakan yarinyar ya yi noma a yankin da sojojin Amurka suka yi wa feshin maganin kashe tsirrai na Agent Orange tsakanin 1961 da 1971 lokacin yaƙin Biyetnam, kuma iyalin suna danganta halin da take ciki da gubar diyoksin da ke cikinsa. Yaƙin Biyetnam ya ƙare a 1975, kafin ma a haifi mahaifiyar yarinyar. Tun da na dawo ɗaki nake tunanin cewa Asabar mai zuwa zan zauna kusa da ita ne kawai, in jira sai ta nemi taimakona da kanta.