Fitila shida da suka sa aka fasa filastar Kawu

Har yau in na bi ta ƙofar gidan Kawu a ƙauyenmu, can gefen Ringim, idona a kan layin simintin nan yake sauka, wanda ya bi jikin katanga kamar tabon ƙuna. Sau biyu ana shafa masa fenti, ya ƙi ɓuya. Ni na jawo shi, da hoto guda da na fitar a kwamfuta.

Zanen gidan bai ba ni wahala ba. A manhajar zanen gini ta SketchUp na tayar da shi, na yi renda, wato mayar da zane hoto kamar na gaske, da manhajar V-Ray, hoton rana ya fito tsaf. Na ma tuna na saita inda ginin yake a taswira, domin in ka manta, ranar wani gari a jihar Kolorado ta Amurka manhajar za ta ba ka, alhali mu da ke wajen digiri 12 arewa da ikwaita, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ta arewa rana take bi.

Hoton magariba ne ya kayar da ni. Kawu ya ce yana son ganin gidan da fitilu a kunne. Na samo hoton sama mai jan gajimare na HDRI, irin wanda ke haska gini a cikin manhaja, na ajiye idon kyamarar manhajar a EV 12 (EV ma'aunin buɗin idon kyamara ne, in ka sauke shi hoto ya ƙara haske), sama ta yi kyau kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Fitilu shida da na jera a katanga da baranda kuwa, ko alamarsu babu. Na sauke EV, fitilun suka bayyana, sama ta ƙone fari fat kamar hazon hunturu. Na mayar, suka sake ɓacewa. Dare ya raba, man janareta ya kusa ƙarewa. Sai na bar sama yadda take, na kama ƙarfin fitilun na yi ta ƙara masa sifili har tsakar gida ta haskaka. Ban ko duba nawa na sa ba.

Kawu ya daɗe yana kallon hoton a waya. Ya ce, "Injiniya, duk wannan fitila shida ce?" Na ce, "Shida ce, Kawu." Da wannan hoton mai wayarin ya yi aiki, da shi aka sayi batirin sola, aka rufe filasta, aka yi fenti.

Daren da aka kunna, bayan isha'i, muna tsaye a tsakar gida. Kowane ƙwai mai wat 10 ya haska ɗan wuri a bango kamar faɗin faifai, sauran duhu ne, ko akuya ta shigo ba za ka gan ta ba. Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Fitilar wayarsa ya kunna yana neman takalminsa, ya ce, "A hoton naka wata biyu ne suka fito?" Aka ƙara fitila takwas, aka fasa katanga aka ja waya, aka canja batir. Kuɗin magini daga aljihuna ya fita.

Abin haushin, lissafin ba ɓoyayye ba ne. Kowane mataki ɗaya na EV ninki biyu ne na haske. Saman faɗuwar rana tana wajen 12, gini mai fitilu da dare yana wajen 5, mataki bakwai ke nan, ninki 128. Kyamara kuma ido ɗaya gare ta, ba ta buɗe wa fitila daban, sama daban. Sama ya kamata in dushe, ita ce ba a saya a kasuwa, ni kuma na je na taɓa abin da Kawu zai biya kuɗinsa.

Yanzu lumen ɗin da ke jikin kwali, wato ma'aunin yawan hasken ƙwai, nake sa wa kowace fitila, ƙwan wat 10 wajen dubu ɗaya ne, kuma farin haske na 6500K a ma'aunin launin haske, irin wanda mutanenmu ke saye. Sai in yi ta sauke ƙarfin sama har ta yi daidai da lokacin da ake fitowa daga sallar magariba. In wuri ya yi duhu a hoto, in bar shi da duhunsa, mai gida ya gani tun ba a yi filasta ba.

Kawu dai bai bari ba. Duk daren da na je gaishe shi, ga fitila goma sha huɗu a kunne, sai ya ce wa yara a kawo wa Injiniya tocila.