Neman giyar Burton a shagunan Baltimo

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau na shiga wuraren da ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba, shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi tun kafin barci ya ɗauke ni. Shekara biyu ke nan ina aikin kula da wani dattijo Bature a gidansa da ke birnin Baltimo na ƙasar Amurka, ina yi masa wanka, ina ba shi magani a kan lokaci, ina tura kekensa duk inda za shi. Mutumin Ingila ne, haifaffen garin Burton da ke bakin kogin Trent, kuma gobe zai cika shekara 86. Da 'yarsa ta tambaye shi abin da yake so a yi masa, sai ya ce kwalba ɗaya yake so ta giyar garinsu, irin wadda suke kira pale ale, da sharaɗin ya gani da idonsa an rubuta a jikinta cewa a Ingila aka dafa ta.

Tun ranar Alhamis na bayyana musu matsayina. Na ce, "Baba, zan tura kekenka domin aikina ne, amma hannuna ba zai taɓa kwalba ba, kuma kuɗinta ba zai bi ta hannuna ba." Na taso a Fagge, titi kawai ya raba mu da Sabon Gari, kuma tun ina makarantar allo na san hadisin da ya la'anci giya da mai shanta da mai sayarwa da mai saye da mai ɗauka da wanda ake kai wa. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, 'yarsa kuma ta ce ita za ta ɗauki nauyin saye da ɗauka. Duk da haka da nauyin zuciya na fita da safe.

Shagon farko ƙarami ne a cikin unguwa, mai shagon yana bayan gilashi mai kauri, kuma da jin abin da muke nema ya girgiza kai. Ba mu yi minti uku a ciki ba.

A shago na biyu ne aka sami abin da ya fi tsaya mini a rai. 'Yar ta hango kwali mai kwalba shida, da jan alwatika a jikinsa, ta ɗauko da murna ta ɗora wa mahaifinta a cinya. Bass ce, giyar da ta samo asali daga garinsu, sunan da ya kwana yana ambata. Ya sa tabarau, ya juya kwalbar a hankali, ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, sannan ya miƙa mata ya ce ta mayar. A nan Amurka aka dafa ta. Ba a ɓoye komai ba, rubutun yana nan ga duk mai son karantawa, kuma ma'aikacin shagon ya ce shekaru da yawa ke nan haka take zuwa musu, tun da kamfanin da ya mallaki sunan yana da manyan masana'antu a ƙasar nan, ba ya bukatar ya biya kuɗin jirgin ruwa don ya tsallako da ita teku. Amma dattijon ya ce abin da yake nema ruwa ne, ruwan kuwa ba ya cikin wannan kwalba.

A mota ya yi mini bayani, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba tun da na fara aiki da shi. Ya ce ruwan rijiyoyin Burton yana ratsa ƙasa mai ɗauke da jipsam, wato ma'adinin da ake yin filasta da shi, kuma shi ne yake sa giyar ta fito garau, ɗacin furen da suke zubawa, wanda ake kira hop, ya fito sosai. Har wani ɗan warin kibiritu take yi idan an zuba ta sabuwa, wanda mutanen garin suke gane ta da shi. Ya ce saboda darajar wannan ruwa ne masu dafa giya a wasu garuruwa suka koyi zuba gishirin jipsam a nasu ruwan don ya yi kama da na Burton. William Bass ya kafa masana'antarsa a 1777, kuma jan alwatikan nan da muka gani shi ne tambari na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, ranar 1 ga Janairu 1876. Daga garin aka riƙa loda ganguna zuwa Indiya a ƙarni na 19, kuma da jirgin ƙasa ya iso a 1839 sai kasuwar ta buɗe har ta cika ƙasar. Abin da ya fi faɗa da alfahari shi ne tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a Landan, wadda aka buɗe a 1868, da aka gina ƙarƙashinta ya zama ma'ajiya, aka kuma auna tazarar ginshiƙanta da tsawon gangar giyar Burton. Mahaifinsa maƙerin ganga ne, shi ma ya yi shekarun samartakarsa yana mirgina su a farfajiyar masana'anta kafin ya yi ƙaura.

Ina tuƙi ina sauraro, sai na tuna da yadda nake bi shago shago a Baltimo ina neman daddawar kalwa ta gaske, in buɗe leda in sansana, in san nan take ko ta gida ce. Ban faɗa masa ba, domin ban so in haɗa halal da haram a ma'auni ɗaya, amma na fahimci abin da ya sa ya mayar da kwalbar.

Shago na uku yana wajen gari, babba ne kamar wani sito, kuma sai da muka yi kusan minti arba'in kafin mu isa. A jihar Maryland yawancin manyan kantunan abinci ba su da izinin sayar da giya, don haka dole mai nema ya bi irin waɗannan shaguna ɗaya bayan ɗaya. Na tura keken muka ratsa dogayen kantoci cike da gwangwanaye masu launi iri iri, kusan dukkansu na ƙananan masana'antun Amurka, da yawa an rubuta IPA a jikinsu. Dattijon ya ce sunan daga giyar da garinsu ya riƙa aika wa Indiya ya samo asali, amma waɗannan ɗacinsu da ƙamshinsu daban ne, ba su da alaƙa da abin da ya sani. Kayan Ingila kuwa an tura su can ƙarshe, a kanta ɗaya ta ƙasa wadda ba ta kai tsawon hannu biyu ba, har ƙura ta hau wasu kwalaben.

Manajan shagon mutum ne mai haƙuri, ya tsuguna gefen keken ya yi masa bayani dalla dalla. Ya ce tun da aka soke dokar haramta giya a Amurka a 1933, bayan ta yi aiki tun 1920, jihohi suka tsara cinikin hawa uku: mai dafawa ko mai shigowa da kaya daga waje ya sayar wa dillali mai lasisi, dillali ya sayar wa mai shago, mai shago ya sayar wa jama'a. Shi ba shi da ikon ya aika Ingila a turo masa kwali goma ko da yana so, sai abin da ke cikin jerin kayan dillalin yankinsa. Idan dillali ya ga kaya ba ya tafiya sai ya daina ɗaukowa, kuma irin wannan giya ba ta jure dogon zama, domin ƙamshin furen yana gushewa da tafiyar watanni, ga zafi da hasken da take sha a hanya. Ya ce masu tambayarta yanzu yawanci tsofaffi ne. Ni dai na lura cewa a gida Najeriya wannan nema ba zai ma taso ba ta hanyar doka, tun da giyar kwalba da ta gwangwani tana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su.

A ƙarshe 'yar ta zaro wata doguwar kwalba mai ruwan ƙasa ta kamfanin Samuel Smith, daga garin Tadcaster a yankin Yorkshire. Dattijon ya sake sa tabarau, ya bi rubutun da yatsa har ya kai inda aka ce a Ingila aka yi ta, ya duba kwanan watan da ke jiki, ya daɗe shiru. Ya ce ba ta Burton ba ce, kuma a zamaninsa da an gan shi da ita da abokansa sun yi masa tsiya, amma su ma da ruwan rijiyarsu suke dafawa, rijiyar da aka haƙa tun 1758. Ya ce a saya guda ɗaya. Na juya keken na fita da shi waje, muka jira ta a bakin mota ta biya ta fito.

Da yamma bai iya jira gobe ba. Likitansa ya yarda masa da rabin kofi, 'yar ta zuba masa, ni kuma na shiga ɗakina na yi alwala na tayar da sallar magariba. Da na fito na tarar bai sha fiye da kurɓi biyu ba, yana riƙe da kofin kusa da hancinsa, yana lissafa wa 'yarsa sunayen titunan da ke tsakanin gidan mahaifinsa da ƙofar masana'anta. Ta ce mini rabonsa da ambaton waɗannan sunaye tun rasuwar mahaifiyarta.

Har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba game da tura keken nan zuwa cikin shagunan, na yi istigfari, kuma na ƙudura ranar Juma'a bayan an sauko zan tsaya in tambayi liman hukuncin abin da na yi, in faɗa masa komai yadda ya faru. Gobe da ƙarfe bakwai zan tashe shi in yi masa aski, domin jikokinsa za su iso kafin azahar.