Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a gindin Dutsen Mbula

Assalamu alaikum. Alhamdulillah, mun je Dass tseren keke mun dawo Bauchi lafiya, tsamin jiki ma ya fara sakina. Tun ranar Asabar nake amsa waya da saƙonni har na ga ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na rubuto nan domin godiyata ta isa kunnen kowa.

Da yawa sun tambaye ni wane irin tseren keke ne wannan da ba a kan kwalta ake yin sa ba. Hanya ake shatawa a cikin daji, kilomita 4 zuwa 6, ta bi ta hawa da gangara da kan duwatsu da cikin rafi, a yi ta zagaya ta har wajen awa ɗaya da rabi. Tun 1996, a birnin Atlanta na Amurka, aka shigar da shi cikin wasannin Olamfik. Tamu hanyar a gindin Dutsen Mbula aka fitar da ita, kuma duk wanda ya san Dass ya san irin duwatsun wajen. Ban zo na ɗaya ba, amma na tsallake layin ƙarshe a kan kekena, kuma akwai mutumin da bayan Allah shi ne sila.

Shi ne Baba mai faci, wanda tun ina makarantar firamare yake gyara mini keke. Masu shirya gasar sun bi ƙa'idar hukumar tseren keke ta duniya, UCI: idan kekenka ya lalace, babu ɗan kallon da zai taɓa maka shi a hanya, sai dai ka gyara da kanka ko ka kai shi wurin da aka keɓe wa makanikai. Kuma idan na gaba ya ba ka rata mai yawa, cire ka ake yi daga tseren. Ana tsakiyar fafatawa, a kan wani hawa mai tsakuwa, na taka feda da ƙarfi sai na ji ɗas, ƙafata ta tafi a banza. Kaca ta tsinke. Na naɗe ta a hannu, na saɓi keken a kafaɗa, na kama gudu zuwa wurin makanikai, inda Baba yake.

Tun daga nesa Baba ya gane abin da ya faru. Kafin in iso ya riga ya durƙusa a cikin ƙura, ɗan mahaɗin kacar yana tsakanin leɓɓansa don kada ya faɗi ya ɓace. Ku sani kacar irin wannan keke siririya ce, ba irin ta kekunan da ya shekara arba'in yana gyarawa ba, wadda ƙusa da guduma ke isar ta. Sai da ya yi kwanaki kafin tafiyarmu yana koyon cirewa da mayarwa a kan wata tsohuwar kaca, ba tare da na roƙe shi ba. Ya fitar da haɗin da ya lanƙwashe, ya zura kacar ta cikin giya, ya haɗa, ya murza feda sau ɗaya da hannu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Hau ka tafi, ɗana." Hannunsa duk baƙin mai, yatsansa na jini, ko kallon wurin bai yi ba. Da yamma na miƙa masa ɗan abin da ke aljihuna, ya ture hannuna. Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka.

Mutanen ƙauyukan da hanyar ta ratsa sun yi mana karamcin da ba zan manta ba. Masu unguwanni sun ba da izini, manoman da suka gama girbi suka bari muka keta gefen gonakinsu, samari suka yini suna share ƙaya da ɗaura tsummokara a rassa don kada mu ɓata. Akwai inda hanyar ta tsallaka burtali. Makiyayan wurin sun tsare shanunsu a gefe har sai da na ƙarshenmu ya wuce, alhali lokacin shayarwa ne. Wanda ya san kiwo ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ina godiya ga 'yan agaji da suka tsaya cikin rana, da iyayenmu mata da suka kawo ruwa da kunun zaƙi. Inna, na san ranki bai so tafiyar nan ba, duk da haka kika sa mini albarka da asuba. Yaya, kai ka saya mini hular kwano da sababbin tayoyi, Allah Ya ƙara buɗi. Uwargida, sannu da haƙuri da sammakon da nake yi.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Yawancinmu kekunan gwanjo muka hau, wasu birkinsu ma da ƙyar yake kamawa, amma na ga yara masu ƙafar da in sun samu kayan aiki za a ji sunansu. Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik a Faris a 2024, da keken da Jamusawa suka ara mata ta yi tseren zagaye na cikin ɗakin wasa. Mu a Bauchi Allah Ya hore mana ƙasar wannan wasa, daga Mbula har Dutsen Zaranda. Masu hali, in za ku taimaka, ku fara da hular kwano da takalmin birki da kaca, su ne abin da yaran nan suka fi bukata.

Wani ƙaninmu ya faɗi a gangaren dutse ana cikin tseren, ya karye a ƙashin kafaɗa, na je na duba shi jiya. An ɗaure wurin, an sallame shi, yana gida wajen iyayensa, kuma likita ya ce sai ya yi makonni bai hau keke ba. Ina roƙon ku sa shi a addu'a, Allah Ya ba shi lafiya. Waɗanda suka ce za su je gaishe shi, mu haɗu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu tafi tare.