Abin da Masu Jinyar Cutar Mantuwa ke Rubutawa a Shafukan Sada Zumunta

A Amurka, ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka sun haura miliyan 62, kuma ƙungiyar Alzheimer's Association mai yaƙi da cutar mantuwa ta ƙiyasta cewa haɗarin kamuwa da cutar mantuwa a tsakanin tsofaffinsu ya ninka na Turawan ƙasar sau ɗaya da rabi. Galibi a gida ake jinya, kuma nauyin yakan faɗa kan 'ya'ya mata ko matan aure, waɗanda da yawansu ba sa zuwa tarukan tallafi saboda aiki, ko rashin inshorar lafiya, ko don ana gudanar da tarukan da Turanci alhali su Sifaniyanci suka fi ji.

Wannan ne ya sa masu bincike a Jami'ar Columbia da ke New York suka koma ga saƙonnin Twitter (wanda yanzu ake kira X), suna amfani da kwamfuta wajen tantance abin da masu jinyar ke kuka da shi, domin a tsara saƙonnin taimako cikin harshensu. A ganina hanyar tana da amfani ƙwarai, domin mutum yakan rubuta da tsakar dare abin da ba zai iya faɗa wa likita ba.

Damuwata ita ce sirri, tunda wadda ta rubuta damuwarta ba ta ba kowa izinin nazarinta ba, ballantana mahaifiyarta da ba ta cikin hayyacinta. Ga kuma tsofaffin masu jinya da suka fi amfani da WhatsApp, inda saƙonni ke rufe kuma masu bincike ba sa iya ganinsu.