Jifan guduma na matasa

Jama'a, na kalli jifan guduma na maza a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, har yanzu abin yana raina. Dunƙulen ƙarfe mai kilo 6 a bakin waya, yaro ya yi juyi uku ko huɗu cikin da'irar da faɗinta mita 2.135 ne kacal, sannan ya sake. Saitin ƙafafunsu ya fi ƙarfin damtsensu burge ni, don ƙafa na taka waje, jifan ya tashi a banza. A irin wannan gasa ce Ashraf Amgad Elseify na Qatar ya jefa mita 85.57 a Barcelona a 2012. Wallahi na tausaya wa wani yaro a gasar da na kalla da ƙarfensa ya bugi ragar kariya da ke kewaye da wurin jifa, ya fito yana riƙe da kai.