Idan Sauka Ba Ta Daidaita Ba, Ku Fasa

Ƙannena masu koyon tuƙin jirgin sama, akwai ƙa'idar da kowannenku ya haddace: idan jirgi ya sauko zuwa ƙafa 1,000 daga ƙasa cikin gajimare, ko ƙafa 500 a sararin da ake ganin titi, amma gudunsa ko tsayinsa bai daidaita ba, a fasa sauka, a ƙara wuta, a tashi a zagayo. Haddar ba ta da wuya. Aiki da ita ne ke kayar da mutane, ni ma kuma ya kayar da ni.

Ina mataimakin matuƙi a lokacin, kyaftin ɗina kuwa dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba. Muka nufo titin sauka muna sama fiye da kima, ga gudu ya yi yawa. Na gani ƙarara a na'ura, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ranka ya daɗe, kamar mun ɗan yi sama." Ya ce zai gyara, na ja bakina na yi shiru. Tayoyi ba su taɓa ƙasa ba sai kusan tsakiyar titi, birki ya ɗau zafi, muka tsaya dab da ƙarshen kwalta. Babban kuskurena ya biyo baya ne. Tunda mun tsira, sai zuciyata ta ɗauki abin a matsayin gwaninta. Da na zama kyaftin, na sha tilasta wa jirgi irin wannan sauka don kada a ce na ɓata man jirgi da lokaci.

Rahoton hatsarin Mangalore a Indiya ne ya girgiza ni. Ranar 22 ga Mayu, 2010, jirgin Air India Express ƙirar Boeing 737 ya taso daga Dubai da mutum 166. Kyaftin ya kwashe lokaci mai tsawo a tafiyar yana barci, ya farka jiki bai gama warwarewa ba, ya nufo titin daga sama sosai. Mataimakinsa ya ce a fasa har sau uku, na'urar gargaɗi ma tana ta ƙara, amma ya ci gaba. Titin a kan tudu yake, ƙarshensa kwari ne. Jirgin ya zarce ya afka, mutum 158 suka rasu. Wancan mataimakin ya fi ni ƙoƙari, ya buɗe baki ya faɗa. Abin da bai yi ba shi ne karɓe tuƙin.

A San Francisco ma, a Yulin 2013, jirgin Asiana ya rage gudu har ya daki katangar bakin teku, matuƙa uku na zaune a gaba, kuma ba a yi yunƙurin fasawa ba sai da lokaci ya ƙure. Mutum uku suka mutu.

Girmama na gaba tarbiyya ce, ban ce ku yar da ita ba. Amma a minti biyun ƙarshe na sauka, "kamar" da "wataƙila" ba su da gurbi. Ku faɗi gudun, ku faɗi tsayin, ku ce a fasa da murya mai ƙarfi. Idan ba a amsa ba, ku bi abin da littafin aikinku ya tanada na karɓar tuƙi. Ranar da kuka zauna a kujerar hagu kuma, wato kujerar kyaftin, tun kafin a fara gangarowa ku shaida wa mataimakinku cewa duk wanda ya kira fasawa a cikinku, za a tashi nan take, bayani sai an sauka.