Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Sidi Biyar na Mai Koko

Makon jiya na tsaya a ranar da likitan nan, wanda nake ɗinka wa kaftani tun yana ɗalibi, ya zo shagona a unguwar Aboabo, nan Kumasi, da maganar dutsen Kilimanjaro. Wata ƙungiyar agaji ce ta Ingila take haɗa mutane su hau dutsen, kowa ya nemi gudummawa a wurin jama'arsa, a zuba kuɗin cikin binciken ciwon sikila. Na amsa tun bai rufe baki ba, don a lokacin Autarmu ba ta cika shekara da rasuwa ba.

Baba ne ya fara taka min birki. Bayan isha'i na same shi a zaure na zayyana masa komai. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Yanzu kai, hawan dutse ne zai warkar da sikila? In kana da kuɗin jirgi, ga marasa lafiya nan a kwance, kai musu mana." Na rasa amsa, na ce, "Haka ne, Baba," na tashi.

Maganarsa ce ta sa na zauna na karanta takardun ƙungiyar da kyau. Ashe tsari biyu ne. A na farko, cikin abin da ka tara ake cire kuɗin jirgi da masauki da jagora da 'yan dako da kuɗin shiga gandun dutsen, ragowar ya tafi bincike. Ba su ɓoye ba, a rubuce yake. Amma ni zuciyata ta ƙi. Mai kokon bakin layinmu, wadda take tashi tun kafin assalatu, ta miƙo min sidi biyar saboda yara masu ciwo, ni kuma in sayi kujerar jirgi da su? Na zaɓi tsari na biyu, wato in ɗauki nauyin tafiyata da kaina. Na sayar da injin surfanina, na haɗa da kwasar adashi, har yanzu kuma ban yi nadama ba.

To me ya sa ban fasa hawan ba gaba ɗaya? Saboda a Zango ba a son zancen sikila. A ce amosani ne, a ce iska ce, a ce sammu. Gidan da ke da ita yakan rufe baki don kada 'yan matansa su rasa miji. Amma da na ce zan tafi Tanzaniya in hau dutse mafi tsawo a Afirka, mita 5,895, sai kowa ya tsaya, har wanda dariya ta tsayar da shi. Nan nake samun ƙofar ba da labarin Auta: yadda ƙwayoyin jininta suke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, yadda take kwana tana kiran ƙashinta in hunturu ya shigo, Inna na gefe da ruwan zafi da tawul har gari ya waye. Baba AS ne, Inna AS ce, wato kowannensu yana ɗauke da gadon sikila a jininsa amma ba ya ciwon, ba wanda ya sani sai da aka gwada Auta tana shekara huɗu. In irin wannan aure ya haɗu, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato da cutar kanta.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai na sikila a ƙasar nan, a 1995, a asibitin Komfo Anokye, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda ɗansa na cikinsa ya yi fama da cutar. Kusan jarirai 2 cikin 100 da ake haifa a Ghana da ita suke zuwa. Wanda aka gane da wuri, a sa shi kan penisilin, a yi masa rigakafi, in ya dace a ba shi hydroxyurea mai rage yawan tashin ciwon. Duk waɗannan bincike ne ya haife su. Auta a gida aka haife ta, ba ta samu wannan gatan ba.

Duk Asabar nakan rufe shago in bi ma'aikatan jinya zuwa harabar makarantun allo na Asawase da Sabon Zango. Ni ne mai jera benci, ni ne tafinta, in juya Turanci da yaren Tonawa zuwa Hausa. Liman ya ba ni 'yan mintuna bayan Juma'a, murya na rawa na yi magana. Maza sun bayar, amma mata ne suka riƙe tafiyar. Wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta zubo min tsabar kuɗi, ta ce, "Ɗana, uku na binne, sai yau na ji sunan abin." Ko ta MoMo, wato ta waya, aka turo ko a hannu, sai na rubuta a littafin awon kwastomomina.

Likita ya ce ba zan taka dutsen ba sai ni ma an gwada ni, don a can ƙoli iskar da mutum ke shaƙa kusan rabin ta ƙasa ce, mai AS kuma saifarsa tana iya samun matsala. Sakamako ya fito AA, wato ba na ɗauke da ita ko kaɗan. Ciki ɗaya, nono ɗaya, ni na tsira ita ta ɗauka. A cikin trotro, motar haya, na buɗe takardar, har tashar Kejetia ban iya tsayar da hawaye ba.

Atisaye kuwa a tafkin Bosumtwi na yi shi, in gangara bakin ruwa in hauro da jakar yashi a baya. Sau ɗaya muka je dutsen Afadjato a yankin Volta, na iso sama ina haki, likita ya tuna min cewa Kilimanjaro ya ninka wannan sau da yawa. Rigunan sanyi a wurin 'yan gwanjo na saye su, na rage musu hannu da kaina.

Daren da zan kama motar Accra, Baba ya aiko a kira ni. Ya ce in kawo littafin. Ya sa tabarau ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko an taɓa ko kwabo a ciki. Na ce ko kwabo. Sai ya ciro kuɗi daga aljihun gabansa ya ce in rubuta da sunan Auta, ya warware rawaninsa ya miƙo min, ya ce an ce can akwai ƙanƙara, in naɗe wuyana da shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ɗora daga saukarmu a garin Moshi da ranar farko a ƙofar Machame.